Yadda Na Je Maraɗi Saboda Ɗakin Tumba

Tun da na dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. A Islamiyyarmu ta mata a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mini itace sai da ya jingine kekensa ya ce wai da gaske ne na kulle yayana a ɗaki sai da ya fasa sayar da gida. Ban kulle kowa ba. Amma na ga in ban rubuta abin da ya faru ba, nan da wata guda za a ce da taɓarya na bi shi. Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Isa kafin in yi ritaya, alƙalami bai fi ƙarfina ba. Ga labarin, kowa ya karanta ya bar ni in sha furata.

Mu biyu mahaifinmu Malam Ada ya bari, ni da yayana Alhaji Sahabi, wanda tun yana saurayi yake kasuwanci a Maraɗi. Ya bar mana gida a Sabon Birni, bayan kasuwa, wanda har yau ake kira Gidan Fatoma. Yaran yanzu ba su san fatoma ba. Shi ne mai masaukin fatake: baƙo ya zo da kaya daga Nijar ya sauka gidansa, ya ci tuwonsa, fatoma ya adana kayan, ya nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa. Da fataucin ya ja baya ɗakunan suka koma na haya. Ni nake kula da su daga Isa, inda ni ma nake da 'yan ɗakuna shida da na gina da kuɗin sallamata.

Da daji ya ɓaci, mutanen ƙauyuka suka kwararo gari, haya ta haukace. Na san masu gidajen da suka raba ɗaki ɗaya da zana suka sa wa kowane gefe kuɗinsa. Ni ban yi haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kaina a kan hakan. Cikin waɗanda na saukar akwai Tumba, dattijuwa daga wajen Gangara, da surukarta da jikoki uku. Ɗanta bai dawo daga gona ba ranar da suka gudu, kuma ba ta taɓa faɗa mini fiye da haka ba. Na ba ta tsohon ɗakin ajiyar kaya na ƙurya, ta kafa kaskonta a tsakar gida tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Ana nan sai Yaya Sahabi ya kira ni a waya. Wai wani mai sayen filaye daga Sakkwato ya taya gidan, zai rushe ya jera shaguna. Kashi biyu nasa, ɗaya nawa, haka gado ya raba, kuma ya riga ya ba dillali Juma'a mai zuwa a zo a ƙulla ciniki. Da na buɗe baki sai ya ce layi ba kyau. Sau uku ina kira, sau uku layin yana lalacewa daidai inda na ambaci mutanen da ke ciki. Na ce to, zumunta a ƙafa take, bari in je in zauna gabansa mu ga ta inda layin zai yanke.

Na tashi daga Isa ranar Litinin da hantsi, ƙarshen damina, gero ya nuna ana shirin yanka. Yanzu motocin Sabon Birni ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai an taru uku ko huɗu a bi juna. Direbanmu Labbo ne, wanda duk Isa ta san bakinsa ba ya rufuwa. Ya ba mu labarin tsadar taya, ya ba mu na wani mai cire haƙori da ya cire masa lafiyayyen ya bar mai ciwon. Muna dosar wani kwari mai duhun itatuwa sai na ji shiru. Labbo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, malamin da ke gefena ya ci gaba da jan carbi ba sauti, mai goyo ta ba ɗanta nono tun bai nema ba. Da muka haye sai Labbo ya ce, "To, awa yadda nika hwaɗa muku, haƙorin nan…" Muka yi dariya fiye da yadda labarin ya cancanta. Na ji tsoro, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin komawa ba.

A Sabon Birni na tarar labari ya riga ni. Dillali ya zo da igiyar awo ya auna gidan tun daga zaure har makewayi, a gaban mutanen da ke ciki. Na sami Tumba durƙushe gaban kasko tana juya ƙuli. Ta gaishe ni kamar babu komai, ta tambayi mutanen Isa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Hajiya, in za a tashe mu a hwaɗa muna da wuri. Kayan ba su da yawa, amma kaskon ga na ƙasa na, ba shi son gaggawa."

Na ce mata babu inda za ta. Da ƙarfi na faɗa don ni ma in ji.

Na lura gyaɗar da take aiki da ita ba ta fi tiya huɗu ba, abin da za ta soya ta sayar gobe ta sake komawa kasuwa. Na ce me ya hana ta ɗauko buhu guda, ga sabuwar gyaɗa ta fara shigowa da araha, ta biya in ta sayar kamar yadda matan gari suke yi. Ta dube ni ta ce, "Wa as san ni, Hajiya? Matan gari an san ƙohwar gidansu." Na ce Allah ya kawo sauƙi, na wuce duba bangon da damina ta ci. Ku riƙe wannan magana, don ni ban riƙe ta ba a lokacin.

Da safe ta kawo tsarabar da zan kai wa Alhaji, ƙuli-ƙuli a leda da man gyaɗa a ƙaramar jarka. Na so in ƙi karɓa, na ga ƙin zai fi yi mata ciwo. Na cusa su a jakata tare da waya da zannuwana biyu.

Motar da ke zuwa bakin iyaka ta girme ni. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kuma in ta mutu sai maza su sauka su tura, mu mata mu taya da addu'a. An ɗora mana wani ƙaton ɗan kasuwa mai kai robobi Gidan Rumji, mutum mai fara'a, wanda ya rasa wurin zama ya ce a bar shi a bayan mota kan kaya. Ban san kan jakata ya zauna ba. Hanyar ja ce, ruwan damina ya yi mata rami-rami, kowane rami muka faɗa sai in ji shi yana cewa "Ya Salamu" daga baya.

A bakin iyaka babu wani bango, sanda ce a gicciye kan ganga biyu da rumfa. Jandarman, wato ɗan sandan Nijar, da ya karɓi katina ya fara da Faransanci, na ɗaga kai na ga tsagen Gobir a kumatunsa irin na babanmu sak. Na ce, "Ɗana, da wagga huska kaka yi man yaren Nasara?" Ya yi murmushi ya koma Hausa, ya ce, "Ina za ki, Inna, kuma mi za ki yi?" Na ce za ni Maraɗi in hana ɗan'uwana yin abin kunya. Ya juya takardarsa gaba da baya ya ce babu gurbin wannan, zai rubuta ziyara. Can gefe na canji kuɗi wurin wani mai tebur. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, kowane biyar na kuɗinsu dala ɗaya ce, abin da ke rubuce jikin takarda daban, abin da baki ke faɗa daban. Ni da na koyar da lissafi sai ga ni ina miƙa tafin hannu ana ɗauka ana bar mini saura.

Daga Gidan Rumji muka hau kwalta. A nan na ci burodinsu mai tsawo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, an tsaga shi an zuba wake da mai da yaji. Da farko na raina shi, daga baya na sayi na biyu. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke girmama tsakar rana. Azahar na yi sai ka ga an ja ƙofofin shaguna kowa ya nemi inuwa ya miƙe, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. A wajenmu mai shago ko suma ya yi, in ya ji ƙarar kuɗi zai farfaɗo. Muka wuce Tsibiri, garin da kakanninmu ke ambata kamar ɗakin uwarsu, ban sami sauka ba, na dai yi musu sallama ta taga.

Sai a tashar Maraɗi na gane abin da mai robobi ya yi mini. Murfin jarka ya fita, rabin man Tumba ya bi zannuwana, wayata kuwa ta sha har ta ƙoshi. Na goge, na danna, na girgiza, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Lambar Yaya tana ciki. Ni da na sa 'ya'yan mutane haddar jadawalin sau, ban haddace lambar ɗan'uwana ba. Sabon gidansa kuma ban taɓa zuwa ba, tun rasuwar innarmu shi yake zuwa, shi ma ba sosai ba. Na zauna kan benci ina ƙanshin ƙuli, mutane na wucewa suna kallona.

Can sai wani abu ya faɗo mini. Ina yarinya ni nake rubuta wa babanmu wasiƙa, don ni ce mai boko a gidan. Kowace wasiƙar Yaya haka nake rubuta bayanta: zuwa ga Sahabi, hannun Illa fatoma, Maraɗi. Ban san ko mutumin na da rai ba. Na tambayi wani matashi ya ce bai sani ba, na nemi mai furfura cikin masu sayar da goro, tun ban rufe baki ba ya kira mai adaidaita ya yi masa kwatance.

Gidan Alhaji Illa ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, shaguna huɗu a gaba, zaure a tsakiya. Shi kansa yana zaune kan buzu a zauren, tsoho tukuf, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama na ce ni ce Ige, ɗiyar Malam Ada na Sabon Birni. Sai ya ce, "Ke ta mai rubutun wasiƙa. Hannunki ya hi na malamin gidan waya kyau. Shiga." Na fara bayanin abin da ya kawo ni, ya ɗaga hannu. A gidansa, in ji shi, ba a jin maganar baƙo sai ya ci ya kwana. Na ce Juma'a na matsowa, yau Talata. Ya ce Juma'a ba ta taɓa riga Laraba zuwa ba. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, don ba ni da wata ƙofar.

Ɗiyarsa Hassu ce ke riƙe da gidan yanzu, mace kamar sa'ata, mai magana a tsaye. Ta ba ni zane na canza, ta kawo fura mai cuku da dambun zogale, sannan ta zaga da ni. Rabin mazauna gidan mutanenmu ne da suka tsallako iyaka. Ga wata tana murza taliya da ƙaramin inji, ga wasu biyu suna saƙar tabarma. A ɗakin ƙurya akwai Bawa, mutumin Kurawa, makiyayin da ya tsallako ba ko akuya. Yanzu raguna shida ne a turke bayan ɗakinsa, na wani ɗan kasuwa ne, shi yake kiwata su a raba riba.

Na tambayi Hassu, a matsayina na mai gidan haya, yadda gidan bai durƙushe ba. Ta ce, "Shagunan gaba su ka ɗauke da ɗakunan baya. Baƙo ba shi biyan ɗaki sai sana'atai ta tsaya da ƙahwahunta. In ta tsaya shi biya awa kowa, ko shi tashi a ba wani." Na ce to sana'ar fa, daga ina take fitowa? Ta ce ai nan ne aikin yake. Da Baba na da ido shi da kansa yake kama hannun baƙo ya kai shi kasuwa, ya tsaya gaban mai kaya ya ce baƙona ne. Daga nan an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, sai a ba shi kaya. Yanzu ita ke zuwa da sandar Baban a hannu. Na ce babu wanda ya taɓa gudu da kayan mutane? Ta ce an yi, har sau biyu, kuma Baba ya biya. Ya dai ce manomi ba ya fasa shuka don tsuntsu ya ci zangarniya biyu.

Tana magana ina jin muryar Tumba tana cewa wa ya san ni. Shekara biyu ina yabon kaina na ba ta ɗaki, ashe rabin aikin na yi, kuma rabin da ya fi sauƙi. Kunya ta kama ni sosai.

Da safe na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na ga an ba ni ɗaki, an ba ni zane, an wanke nawa, sai na ƙulle kuɗi a gefen hankici na miƙa wa Hassu a zaure gaban mahaifinta, na ce ga na kwana. Ban ga laifi ba, shekaru ke nan ina karɓar haya, hannuna ya saba kwana da kuɗi tare suke tafiya. Hassu ta ja hannunta baya kamar na miƙa mata garwashi. Tsohon ya tambayi abin da ke faruwa, ta faɗa masa.

Ya ce, "Ɗiyat Ada, mi munka yi maki?"

Na ce alheri kawai.

Ya ce, "To don mi kika son yanke mu? Wanda yab biya kwana gidan fatoma cewa yay yi ba ni da sauran haɗi da ku. Ubanki ya kwan nan ya hi a ƙirga, ni ma na kwan gidanku. Wa yab biya wani?"

Na durƙusa na ba da haƙuri, na mayar da hankicina. Ya ce ba komai, ciwon gidanmu ne, yayana ma ya yi. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Sahabi ya iso Maraɗi da tabarma da wasiƙar da ni na rubuta da hannuna. Shekara uku ya yi a ɗakin da Bawa yake yanzu. Alhaji Illa ne ya kai shi wurin masu atamfa ya ce baƙona ne, aka ɗora masa turmi goma a ka. Da ya yi arziki sai ya zo da kuɗi a ambulan wai na ɗakin shekara uku. "Nic ce mai, ruwan da kaj ja rijiya ba a maida mata, mai ƙishirwa aka ba. Tun rannan sai da salla nika jin muryatai."

Sannan ya ce yanzu na ci na kwana, in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa duka. Sai ya sa Hassu ta kira Sahabi a wayarta. Layin nan da ya yi ta lalacewa a Isa, a nan bugu ɗaya ya shiga.

Kafin azahar Yaya ya iso cikin mota mai sanyi. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, sai na ga kamar babanmu ne ya shigo. Tun daga waje ya cire takalmi, babban Alhaji da shi, ya zauna a ƙasa nesa da buzun tsohon. Da ya gan ni ya ce, "Ige, ke da wa kinka zo?" Na ce ni da Allah da rabin jarkar mai. Na ajiye masa tsarabar Tumba a gabansa na ce daga matar da zai tasa ne.

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Ya ce lokacin da aka rufe iyaka kayansa sun lalace a hanya, bai farfaɗo ba har yau. Ya ce gidan ba ya kawo abin da zai gyara kansa, kowace damina bango na faɗuwa. Ya ce garin da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa, wanda ya sami mai sayen gida ya gode Allah. "Gida ba masallaci ba na, Ige. Ina da ɗiya goma sha ɗaya. In kina son sadaka ki yi da kasonki."

Na ce na ji, kuma da kasona zan yi. A daren da ya gabata ban iya shirya komai ba, amma tun asuba nake juya abin da na gani a gidan nan. Na ce mai son shaguna ai bakin hanya yake so, bai damu da ɗakin ƙurya ba. A ba shi hayar bangon gaba ya fasa shaguna huɗu ya gina da kuɗinsa. Abin da shagunan suka kawo duka Yaya ya ɗauka, har da kasona, sai dai a cire na gyaran bango. Cikin gida kuma a bar mini shi da mutanena.

Ya ce, "Su zauna har yaushe? Matalauci in ka ba shi ɗaki ka ba shi wurin kwana da talaucinai na."

Na ce gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba ɗaki kaɗai zan ba su ba, kasuwa zan kai su in tsaya musu. Ya yi dariya ya ce ina aka taɓa fatoma mace. Hassu da ke bakin ƙofa ta buga sandar babanta a ƙasa sau ɗaya. Ya daina dariyar. Ya ce to in wani ya gudu da kayan mutane wa zai biya? Na ce ɗakunana shida na Isa suna nan, ba su da ƙafa.

Tsohon bai tsoma baki ba ko kaɗan, sai can ya ce, kamar mai maganar wani abu daban, "Sahabi, ƙohwar ɗakinka ta lalace, Bawa na hwama da ita. Kai kas san yadda aka ɗaga ta. Je ka gwada mai." Yaya ya tashi ya shiga cikin gida. Ya daɗe. Ban bi shi ba, kuma ban tambaye shi abin da ya gani ba. Da ya fito hannun rigarsa duk tsatsa, ya zauna, ya kwance ledar Tumba ya ɗauki ƙuli ɗaya ya tauna. Ya ce gishirin ya yi daidai.

Sannan ya ce, "Kaka ukku na ba ki. In ta ukku ta zo gidan na cin kanai, za ni saida shi, kuma ba ni son ganin ki bakin iyaka." Na ce na yarda, Alhaji Illa shaida. A gabanmu ya kira dillali ya ce a dakata, a tuntuɓi mutumin Sakkwato kan bangon gaba. Ba kyauta ya ba ni ba, wa'adi ne, kuma na san shi, ranar da ya cika zai tuna. Na kwana gidansa wurin iyalinsa, ya saya mini sabuwar waya, ya sa ni na haddace lambarsa a gabansa kamar 'yar aji biyu.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya gane ni ya ce yaya ziyara, na ce an rage abin kunyar. Na iso Sabon Birni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Na tarar Tumba ta ɗaure kayanta ƙunshi uku a bakin ɗaki, ta wanke kasko ta naɗe shi da tsumma, jikokin na zaune a kai. Babu wanda ya ce ta tashi, ita dai ta ji an ce Juma'a. Na ce ta kwance. Ta ce a bari dai a tabbata. Na sunkuya na kwance ƙunshin farko da hannuna.

Ban koma Isa ba sai da ranar kasuwa ta zo. Na yafa babban mayafina na ce ta biyo ni. Muka ratsa har rumfar masu gyaɗa, wurin wani Alhaji Namakka da ke da buhuna jibge har rufi. Maza suka bi ni da kallo, amma na riga na zo. Na ce ina son a ba wannan buhu guda, ta biya in ta sayar. Ya dubi Tumba sama da ƙasa ya ce, "Wa as san ta?"

Na ce, "Baƙuwata ta. Gidan Fatoma take. In ta ci, ni nic ci."

Wani tsoho mai awo da ke gefe ya ajiye tiyarsa ya ce rabonsa da jin wannan magana a kasuwar nan tun Malam Ada na da rai. Alhaji Namakka ya sosa gemu, ya ce a ɗauko mata daga na sama, masu kyau.

Yanzu an fara fasa bangon gaba. Bayan Tumba na kai mutum biyu, ɗaya wurin masu fata, ɗaya wurin masu hatsi, kuma ban san yadda za su yi da ni ba. Ku da kuke tambayata, da yawanku kuna da ɗakunan haya a Isa da Sabon Birni, kun kuma san wanda ke kwana a ɗakinku na ƙurya. Ban ce kowa ya bar hayarsa ba. Na dai ce akwai abin da mai gida yake da shi wanda bai taɓa sa wa kuɗi ba, wato an san ƙofarsa.

Ranar nan da muka baro rumfar, mai baro na gaba da buhu, Tumba na biye ta ɗora hannu a kai kamar za a ƙwace. Ba ta yi godiya ba har muka kusa gida. Sai ta tsaya ta gyara lulluɓinta ta ce, "Hajiya, shekara biyu 'yar gudun hijira aka ce man. Yau na ji an ce baƙuwa."